Abebe Bikila: Ɗan makiyayin Habasha da ya tsere wa duniya da ƙafa ba takalmi

A yammacin Asabar 10 ga Satumban 1960, saura makonni uku cif Najeriya ta karɓi ’yancin kanta, mutum 69 suka yi sahu a tsakiyar birnin Rum na ƙasar Italiya domin gudun famfalaki na gasar Olamfik. A cikinsu akwai wani siririn soja daga ƙasar Habasha, mai lamba 11 a ƙirji, wanda kusan babu wanda ya san sunansa a wajen ƙasarsu. Abin da kawai ya sa ’yan kallo suka dube shi sau biyu shi ne ƙafarsa babu takalmi. Bayan awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, sojan nan mai suna Abebe Bikila ya riga kowa isa ƙarshen tseren, ya kafa sabon tarihi a duniya, ya kuma zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci lambar zinare a Olamfik.

Gudun famfalaki, wanda wasu ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195, wato kusan tazarar da ke tsakanin birnin Katsina da Jibiya. Abebe ya cinye wannan tazara yana yin kowace kilomita cikin kimanin minti 3 da daƙiƙa 12. Duniya ta riƙe labarin ƙafar da babu takalmi, har ya kusa rufe sauran tarihinsa. Amma wanda ya bi rayuwar mutumin daga tushe zai tarar cewa nasarar daren Rum an yi shekaru ana gina ta a kan tsaunuka da turbobin ƙauye, a hannun mai horarwa da ya san abin da yake yi.

Haihuwa da tasowarsa

An haifi Abebe a ranar 7 ga Agustan 1932 a ƙauyen Jato, kusa da garin Mendida a lardin Shewa, arewa da Addis Ababa. Wani abin mamaki shi ne, a wannan rana ce aka yi gudun famfalaki na gasar Olamfik ta birnin Los Anjeles a Amurka. Mahaifinsa, Bikila Demissie, makiyayi ne, kuma gidan na talakawan karkara ne masu rayuwa da noma da kiwo.

Yana ɗan shekara uku sojojin Italiya a ƙarƙashin Mussolini suka afka wa Habasha a watan Oktoban 1935. Suka kama Addis Ababa a watan Mayun 1936, Sarki Haile Selassie ya yi gudun hijira, bai dawo ba sai 1941. Yaƙin ya tarwatsa ƙauyuka da dama, har iyalin su Abebe suka ƙaura zuwa wani lungu mai suna Gorro kafin daga baya su dawo yankinsu. Ke nan tun yana goye ya san tafiyar ƙasa da tsoro da rashin tabbas.

Ƙuruciyarsa ba ta bambanta da ta sauran yaran tsaunin Habasha ba: bin dabbobi zuwa makiyaya, aike zuwa nesa, hawa da gangara daga safe zuwa faɗuwar rana. Ya kuma shahara da wani wasan gargajiya da suke kira gena, inda ɓangarori biyu ke korar ’yar ƙwallo da lanƙwasassun sanduna a fili, wani lokaci tazarar da ke tsakanin ragar wannan ɓangare da ta wancan ta kai kilomitoci. Duk wannan yana faruwa ne a ƙasa mai tudu ƙwarai. Addis Ababa kanta tana sama da mita 2,300 daga doron teku, alhali birnin Katsina bai wuce kimanin mita 500 ba. A irin wannan tudu iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi ba ta kai ta ƙasa yawa ba, saboda haka jiki yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini domin ya cike giɓin. Wanda ya girma a can, idan ya sauko ƙasa mai kwari, yakan ji numfashi ya yi masa sauƙi.

Dogarin Sarki da Baturen Suwidin

A farkon shekarun 1950 Abebe ya koma Addis Ababa neman abin yi, kuma wajen 1952 ya shiga rundunar sojojin da ke tsaron Sarki Haile Selassie. Aikin soja ya ba shi abinci da wurin kwana da tsari, ya kuma haɗa shi da wasannin motsa jiki. A tsakiyar shekarun 1950 ya mayar da gudu tsakanin tsaunukan Sululta da Addis Ababa, tafiyar kimanin kilomita 20, abin yinsa na kullum.

A nan ne idon Onni Niskanen ya faɗa kansa. Niskanen haifaffen Finlan ne da ya tashi a Suwidin, gwamnatin Habasha kuma ta ɗauke shi aikin horar da jami’anta wasannin motsa jiki tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ya tarar da samari masu juriya irin wadda bai saba gani ba, amma waɗanda ba su san ƙa’idar tsere ba. Abin da ya kawo musu shi ne lissafi da agogo. Ya tsara musu dogon gudu a cikin daji da gefen gonaki domin ƙarfafa numfashi, ya haɗa da hawan tsauni domin ƙarfin ƙafa, sannan da gajerun tsere masu sauri da ake maimaitawa ana ɗan hutawa a tsakani, domin jiki ya saba da ƙara wuta bayan gajiya ta kama shi. Yakan kai su sansani a Debre Zeit, garin da yau ake kira Bishoftu, nesa da hayaniyar birni, inda abinci da barci da atisaye kowanne ke da lokacinsa.

Ba a dare ɗaya Abebe ya zama gwani ba. A gasar sojojin Habasha ta 1956 na biyu ya zo, a bayan Wami Biratu, wanda a lokacin shi ne zakaran ƙasar. Sai da ya ƙara shekaru huɗu yana atisaye kafin ya ci gudun famfalakinsa na farko a Addis Ababa a watan Yulin 1960, ’yan watanni bayan ya yi aure. Wata guda bayan haka ya sake cin wani a cikin awa 2 da minti 21 da daƙiƙa 23, lokacin da ya fi wanda shahararren ɗan tseren nan Emil Zatopek ya kafa a Olamfik ta 1952. Da yake a kan tudu ya yi wannan, Niskanen ya san abin da ke hannunsa, ko da yake a Turai kaɗan ne suka gaskata alƙaluman.

Daren birnin Rum

Da suka isa Rum, Abebe ya samu sabon takalmin gudu, amma bai yi masa daidai ba, ya yi masa bororo a ƙafa. Sai ya yanke shawarar ya yi tseren yadda ya saba yin atisaye a gida. Tafin ƙafarsa ya riga ya yi kauri da shekarun taka tsakuwa, saboda haka abin da ’yan kallo suka ɗauka talauci ne ko ganganci, a wurinsa zaɓi ne na mutumin da ya san jikinsa.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kwanaki kafin tseren, shi da Niskanen sun bi hanyar sun nazarce ta, suka zaɓi wurin da zai saki dukkan ƙarfinsa. Wurin da suka zaɓa kuwa shi ne gindin dogon ginshiƙin dutse na Aksum, wani kayan tarihin Habasha da sojojin Mussolini suka kwaso a 1937 suka kafa a Rum domin nuna sun ci ƙasar da yaƙi. Daga gindinsa zuwa ƙarshen tseren bai kai kilomita biyu ba.

An fara gudun da yamma saboda zafi, ya kuma kai dare. A kan tsohuwar hanyar Afiya mai daɓen duwatsu, sojoji ne suka jeru riƙe da sandunan wuta suna haskaka wa ’yan tsere. Tun wajen kilomita 25 mutum biyu suka bar saura a baya: Abebe da Rhadi Ben Abdesselam na Maroko. An ruwaito cewa Niskanen ya gargaɗe shi da ya kula da mai lamba 26, wato Rhadi, sai ga shi a ranar ɗan Marokon ya sa lamba 185, har Abebe ya daɗe yana gudu kafaɗa da kafaɗa da mutumin da yake zaton yana can gaba. Da suka iso ginshiƙin Aksum, Abebe ya ƙara wuta kamar yadda aka tsara, ya isa tsohuwar ƙofar tarihi ta Sarki Kwanstantin da ratar daƙiƙa 25 tsakaninsa da Rhadi. Barry Magee na Niyu Zilan ya zo na uku. Lokacinsa ya karya tarihin da Sergei Popov na Tarayyar Sobiyet ya kafa a 1958 da ƙasa da daƙiƙa guda.

Shekara 25 bayan Italiya ta shiga Habasha da tankoki da jiragen yaƙi, ga ɗan Habasha guda ya shiga babban birninta da ƙafa ya ɗaga tutar ƙasarsa. A shekarar da ƙasashen Afirka 17 suka samu ’yancin kai, nasarar ta zama ta nahiyar baki ɗaya. Ginshiƙin kuwa sai a 2005 Italiya ta mayar wa Habasha da shi.

Tsakanin karramawa da tuhuma

Ya koma gida aka tarbe shi da gagarumin biki. Sarki ya ba shi lambar girma, aka ƙara masa muƙami zuwa kofur. Amma murnar ba ta yi wata huɗu ba. A ranar 13 ga Disamban 1960, yayin da Haile Selassie ke ziyara a Brazil, shugaban rundunar tsaron Sarki, Janar Mengistu Neway, ya jagoranci yunƙurin juyin mulki. Yunƙurin ya ci tura bayan an zubar da jini a Addis Ababa, aka shiga kamen ’yan rundunar. Abebe ma an tsare shi an yi masa tambayoyi, daga baya aka sake shi da aka ga ba shi da hannu. Mutumin da a Satumba ake ɗaukarsa a kafaɗa, a Disamba ya tsinci kansa cikin waɗanda ake tuhuma.

Ya koma kan turbarsa. A 1961 ya ci gudun famfalaki a Atina ta Girka, da Osaka ta Japan, da Koshise ta Chekoslobakiya. A 1963 ya je Boston a Amurka, inda ya daɗe yana jan gaba kafin ƙafafunsa su ɗaure ya ƙare a na biyar. Wannan ne kaɗai karon da ya kammala irin wannan tsere a ƙasar waje ba tare da ya zo na ɗaya ba.

Tokyo: kwana 35 bayan tiyata

Ana saura kimanin kwana 40 a yi tseren Olamfik na 1964 a Tokyo, ciwon ciki ya kama Abebe a sansanin Debre Zeit. Likitoci suka gano afendis ne, wato kumburin ’yar wutsiyar hanji, aka yi masa tiyata a ranar 16 ga Satumba. Mutane da yawa sun cire shi daga lissafi. Cikin mako guda ya bar asibiti, ya bi tawagar ƙasarsa zuwa Japan.

A ranar 21 ga Oktoba ya fito, wannan karon da takalmi. Bai yi gaggawa ba. Ya bar Ron Clarke na Ostareliya da Jim Hogan na Ailan suka ja gaba, ya bi su a hankali har ya cim musu, kafin rabin hanya kuma ya karɓi ragama. Clarke ya sare, Hogan ya fita daga tseren bayan kilomita 35. Abebe ya shiga filin wasa shi kaɗai, ya kammala cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, sabon tarihin duniya. Maimakon ya zube ƙasa kamar yadda aka saba gani, sai ya koma kan ciyawa yana miƙe gaɓoɓi yana motsa jiki, ’yan kallo na tafi. Sai bayan minti 4 da daƙiƙa 8 Basil Heatley na Birtaniya ya iso, Kokichi Tsuburaya na Japan na biye da shi.

Da wannan ya zama mutum na farko da ya ci gudun famfalaki na Olamfik sau biyu a jere. Tun daga lokacin mutum biyu ne kawai suka maimaita hakan a ɓangaren maza: Waldemar Cierpinski na Jamus ta Gabas a 1976 da 1980, da Eliud Kipchoge na Kenya a 2016 da 2021. Nasarar Tokyo ta kuma kashe bakin masu cewa ta Rum sa’a ce ko sirrin rashin takalmi. Mutumin da ya yi makonni bai yi cikakken atisaye ba, abin da ya tara a jikinsa cikin shekaru goma ne ya ɗauke shi. A wannan gasa ta Tokyo ce Najeriya ma ta samu lambarta ta farko a Olamfik, tagullar da Nojeem Maiyegun ya ci a damben zamani.

Raunin ƙafa da haɗarin mota

An ƙara masa girma zuwa laftanar, aka ba shi ƙaramar motar Volkswagen mai ƙirar kunkuru. Ya sake yin nasara a Japan a 1965, da Sifen da Koriya ta Kudu a 1966. Daga nan jiki ya fara gajiya. A 1967 ya ji rauni a cinya a wani tsere a Sifen bai kammala ba. A Olamfik ta 1968 a birnin Meziko ya fito yana ɗauke da tsagewar ƙashi a ƙwauri, bai kai rabin hanya ba ya tsaya. Abokin atisayensa Mamo Wolde ne ya ci zinaren, lamarin da ya sa Habasha ta riƙe kambin sau uku a jere. Duk da haka Sarki ya ɗaga Abebe zuwa muƙamin kyaftin.

A daren 22 ga Maris na 1969 motarsa ta ƙwace masa ta kife, ya maƙale a ciki har gari ya waye. Ƙashin wuyansa ya taɓu, jikinsa ya shanye. An kai shi asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, inda ya yi wata takwas. Hannayensa sun dawo aiki, amma ƙafafun da suka sa duniya ta san shi ba su sake takawa ba.

A nan ne halinsa ya fito fili. Yana kan keken guragu ya koyi harbin kibiya da ƙwallon tebur, ya shiga gasar naƙasassu ta Stoke Mandeville a 1970. A shekarar da ta biyo baya aka gayyace shi Norwe a matsayin baƙo, sai ya shiga tseren keken zamiya da karnuka ke ja a kan dusar ƙanƙara, ya kuma zo na ɗaya. A Olamfik ta 1972 a Munik ta Jamus, da aka shigo da shi filin wasa, jama’a suka miƙe tsaye suna girmama shi.

Abebe Bikila ya rasu a Addis Ababa a ranar 25 ga Oktoban 1973, yana da shekara 41, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa da ke da nasaba da haɗarin. Ya bar mata da ’ya’ya huɗu. Dubun dubatar mutane ne suka halarci jana’izarsa, cikinsu har da Sarki Haile Selassie, wanda shi ma bai cika shekara guda a kan karaga bayan nan ba. A tsawon rayuwarsa ya shiga gudun famfalaki sau 16, ya ci 12.

Abin da ya bari, da abin da ya rage mana

Hanyar da ya buɗe ba ta sake rufewa ba. Miruts Yifter ya ci zinare biyu a Mosko a 1980. Derartu Tulu ta zama baƙar fatar Afirka mace ta farko da ta ci zinaren Olamfik a 1992, Fatuma Roba ta ci gudun famfalaki a 1996, sannan Haile Gebrselassie da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba suka biyo baya. Kusan dukkansu ’ya’yan manoma ne. Derartu da Kenenisa da Tirunesh duk daga yankin ƙaramin garin Bekoji suka fito, inda wani malamin makaranta, Sentayehu Eshetu, ya yi shekaru yana tara yara da sassafe yana horar da su a cikin daji da kan tuddai. Tsarin dai shi ne na Abebe da Niskanen: ɗan ƙauye mai juriya, da malami mai agogo, da shekaru na haƙuri.

A ƙasar Hausa ba juriyar muka rasa ba. Kakanninmu fatake sun taka daga Katsina zuwa Gwanja fataucin goro, ayari ya yi ta kai-komo tsakaninmu da Agadas, alhazan da suka gabata kuma sun ratsa Chadi da Sudan a ƙafa zuwa Makka, wasu cikin shekaru. Har gobe akwai yaran da ke bin shanu wuni guda, da ɗaliban da ke taka kilomitoci zuwa makaranta. Muna kuma da tuddai a Filato da Mambila waɗanda za su iya zama sansanin horo. Amma tun da aka fara gudun famfalaki na birnin Legas a 2016, ’yan Kenya da Habasha ne ke kwashe manyan kyaututtukan, mu muna tafa musu.

Tarihin Abebe ya nuna inda giɓin yake. Wahalar ƙauye ita kaɗai ba ta haifar da gwani. Da haka ne, da kowane makiyayi ya zama zakara. Sai an samu wanda zai hango yaron, da hukumar da za ta ciyar da shi ta ba shi aikin yi kamar yadda soja ta yi wa Abebe, da gasar makarantu da ake yi kowace shekara ba fashi. Filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina ya isa a tara irin waɗannan yara daga ƙananan hukumomi a gwada su, kuma gudu na cikin wasannin da suka fi kowanne arha. Sai dai akwai sharaɗin da ya riga duk waɗannan, wato zaman lafiya. Abebe ya yi atisayensa ne shi kaɗai a kan hanyar daji. A yankuna irin su Batsari da Safana da Jibiya, inda ’yan bindiga suka hana manomi zuwa gonarsa, babu uban da zai bar ɗansa ya fita gudu kafin gari ya waye. Duk ranar da turbobin karkara suka sake zama na masu su, ma’aikatun wasanni da na ilimi za su tarar cewa yaran suna nan, agogo da mai riƙe shi kawai suke jira.